Asalin Kalmar Fijo

Fijo ita ce yadda bakin Bahaushe ya daidaita sunan Peugeot, motar ƙasar Faransa wadda ta ci sunan iyalin da suka kafa kamfanin. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da na "f", shi ya sa farkon sunan ya koma "fi". Ƙarshensa kuwa Faransawa ba sa furta harafin "t" da ke cikinsa, don haka "jo" kunne ya ji, ita kuma ta zauna.

Kalmar ta yi ƙarfi sosai bayan 1975, shekarar da aka fara harhaɗa motar a unguwar Kakuri da ke Kaduna. Ƙirar 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta zama motar ma'aikatan gwamnati da direbobin haya, har ta kai idan aka ce Fijo ba tare da lamba ba, ita ake nufi. Mai buɗaɗɗen baya da ke ɗaukar kaya kuma ana kiranta a-kori-kura.

A hirar tsofaffin direbobi da makanikai, Fijo ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Akan gwada ta da Marsandi, wato Mercedes, cikin raha. Masoya Marsandi na tutiya da alfarma, masoya Fijo na kafa hujja da juriyarta a hanyar burji da sauƙin samun kayan gyaranta, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Yau Toyota ta mamaye tashoshin mota, amma a bakin dattawa sunan Fijo yana nan daram.