Abin da ƙashi ke riƙewa: daga giwar Alaska zuwa tafkin Gobero

Makiyayi a Bena, cikin masarautar Zuru, ba ya bukatar a gaya masa cewa saniya ciyawa da karmami take bi, akuya kuwa sai ta ɗaga ƙafa ta kamo ganyen itace. Wannan bambanci yana shiga har cikin ƙashi. Ciyawar ƙasashe masu zafi, da danginta gero da dawa da masara, suna tara wani nau'in kabon mai ɗan nauyi fiye da yadda itatuwa ke tarawa, kuma alamarsa kan zauna a jikin wanda ya ci shekaru dubbai bayan mutuwarsa.

A 1977 masana biyu daga Afirka ta Kudu, J. C. Vogel da Nikolaas van der Merwe, suka auna ƙasusuwan mutanen da a arewa maso gabashin Amurka, suka nuna lokacin da masara ta shiga abincinsu. Daga nan masu binciken dabbobin zamanin ƙanƙara suka rungumi dabarar.

Aikin da ya fi ratsa zuciya shi ne wanda Matthew Wooller da abokansa na Jami'ar Alaska suka wallafa a 2021. Sun tsaga hauren wata giwa mai gashi, wadda ake kira mamot, da ta rayu kimanin shekara 17,000 da suka wuce. Haure a hankali yake girma, rufi kan rufi, saboda haka suka bi rayuwar dabbar tun tana ƙarama. Sinadarin sitirontiyom, wanda ke fitowa daga duwatsu ya bi ta ciyawa da ruwa, ya nuna wuraren da ta yi kiwo cikin shekara 28. A rufin ƙarshe naitirojin ya yi tsalle, alamar jikin da ya fara cin kansa. Ga dukkan alamu, yunwa ce ajalinta.

Ilimin ya iso kusa da ƙasar Hausa ta hanyar Gobero, a hamadar Tenere ta Nijar, inda Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan dinoso a 2000 ya tarar da makabarta mai kaburbura kusan 200. Wurin da yau rairayi ne, a da bakin tafki ne: ga ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, ga masu na kamun kifi da aka sassaƙa da ƙashi. Mutanen farko sun zauna a can tun wajen shekara 9,700 da suka wuce, bayan zamanin ƙanƙara ya janye damina ta ƙarfafa. Kelly Knudson da Christopher Stojanowski sun auna sitirontiyom a haƙoransu, suka ga akasarinsu ba su yi doguwar ƙaura ba. Tafkin ya riƙe su har wajen shekara 8,200 da suka wuce, lokacin da fari ya busar da shi suka tashi.