Kufai, Kuka da Kurmi: Wuraren da Ake Shakka a Arewacin Zazzau

Manomin ƙasar Hunkuyi, ko Likoro, ko Kudan ba ya buƙatar a gaya masa: in ka ga kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar gonaki, babu gida ko ɗaya a kusa, to da can gari ne. Kuka ba ta cika taruwa haka kawai ba. Mutane ne ke barinta ta girma a bayan gida saboda miya da igiya, in sun tashi kuwa ita tana nan. A irin wannan wuri garma kan tono tsingaro, wani lokaci dutsen niƙa, ko kashin maƙera, ko bakin rijiyar marina da ƙasa ta cike. Sunan wurin kufai, kuma ba ya rasa dokoki. Ba a bi da rana tsaka, ba a bi da almuru, ba a aika yaro shi kaɗai, mai ciki ta kewaye. In ka nemi dalili sai a ce maka wurin da mutane, ba kuwa 'yan Adam ake nufi ba.

Malamai sun daɗe suna faɗa a kan wannan tsoro, 'yan boko suna yi masa dariya. Mai bin tarihi bai kamata ya yi saurin shiga sahun ko ɗaya ba, domin a wannan yanki da wuya ka sami wurin da ake shakka wanda ba wani abu ne ya taɓa faruwa a cikinsa ba. Babu mai barin rijiyarsa da kabarin iyayensa don nishaɗi.

Abu na farko da ya riƙa tayar da garuruwa shi ne yaƙi. Hunkuyi, wadda yau ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan tun da aka ƙirƙiro ta a 1996, tana arewa da birnin Zariya, a bakin hanyar duk rundunar da ta fito daga wajen Kano ko Katsina. Ta arewa masu jihadi suka shigo ƙarƙashin Malam Musa da Yamusa, kuma ruwayoyin Zazzau suna ambaton Hunkuyi cikin wuraren da aka yi arangama kafin birnin ya faɗi a ƙarshen 1808. Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu, aka kashe shi a Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja ta asali, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1828.

Wannan yaƙi ɗaya ne, an yi an gama. Wanda ya fi cin ƙauyuka shi ne harin da ya biyo baya shekara da shekaru. Katsinawan Maraɗi suna gangarowa daga arewa, Ningawa suna ɓullowa daga gabas, har a zamanin Sarkin Zazzau Sambo, cikin shekarun 1880, sun kai kusa da ganuwar Zariya kanta. Muna da shaida daga bakin wadda ta ga irin wannan zama. Baba, mutuniyar Karo kusa da Zarewa, a tsallaken iyaka ta ɓangaren Kano, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Ta faɗi yadda mahara ke faɗa wa ƙauye, yadda ake rugawa cikin gari mai ganuwa, da yadda aka kama 'yan gidansu sai da aka tara wuri aka fanso su. Ƙauyen da aka kwashe sau ɗaya, sau biyu, ba a komawa. Jikokin waɗanda suka tsira sukan manta sunan maharin, amma ba su manta cewa ba a zuwa can ba.

Wanda ke ganin wannan tatsuniya ce ya leƙa ƙasar Giwa da Birnin Gwari, maƙwabtanmu na yamma, ya ga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa a 'yan shekarun nan. Rumbuna a tsaye, masallaci ba rufi, ciyawa ta cinye tsakar gida. Nan da shekara ɗari, me za a ce yana zaune a ciki?

Duwatsu nasu labarin daban ne, kuma ya fi tsufa. Kufena, wanda ke tsaye yamma da Zariya bisa kan Wusasa, da Turunku can kudu, da Kargi ta gabas wajen Kubau, duka suna cikin wuraren da ake cewa sarautar Zazzau ta zauna kafin ta tare a birnin yanzu. Masanin tarihi Abdullahi Smith ya yi bayanin cewa irin waɗannan duwatsu sun ja mutane ne da abu uku: ruwa da ƙasa mai kyau a gindinsu, mafaka a lokacin yaƙi, da kuma imanin cewa manyan iskoki a can suke. Wato a da, kusantar dutsen ake nema. Sai da Musulunci ya kafu sannan abin da ake girmamawa ya koma abin da ake kauce wa. Har yanzu ana ganin sauran tsohuwar ganuwar da ta kewaye Kufena, wadda John Sutton na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi ya auna a shekarun 1970.

Amma wurin da ya fi kowanne kisa a wannan yanki ba shi da ganuwa, ba shi da tsawo. Kurmi ne, wato duhuwar itatuwa da sarƙaƙiya da ke bin bakin rafi, inda ko da rani akwai sanyi da inuwa, inda rana ba ta kai ƙasa. A nan ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci, ke kwana.

Abin mamaki, zaman lafiya ne ya kai mutane bakinsa. Da Turawa suka ci Zazzau a 1902 hari ya mutu, sai jama'a suka fara fita daga cikin ganuwa suna kafa ƙananan unguwanni kusa da fadama da rafi, inda noma ya fi albarka. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, 'yan ci-rani da leburorin haƙar kuza na Jos suna kai da kawowa, mai ɗauke da cuta a jininsa ya kai ta inda ba a san ta ba. Da rani kuwa, sa'ad da ruwa ya janye ya rage 'yan kududdufai cikin kurmi, mai ɗiban ruwa da mai wanki da tsando duk wuri ɗaya suke haɗuwa kullum.

Gimi, a ƙasar Makarfi, ta ɗanɗana. Akwai wasu mutane da ake kira Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda irin matsayin da ya ba Annabi Isa a wa'azinsa. Almajiransa suka watsu, wasu Ningi, wasu ƙauyukan iyakar Kano da Zazzau. A 1913 zuriyarsu suka sadu da Dakta Walter Miller, likitan mishan da ke zaune a birnin Zariya, aka kuma shirya su taru wuri guda su kafa ƙauyensu na Kirista a Gimi, ƙarƙashin wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. An gina gidaje, an buɗe makaranta, an yi noma. Sai ciwon barci ya shigo. Kafin shekara goma ƙauyen ya watse, da yawa sun mutu, waɗanda suka rage aka kwashe su zuwa Zariya, daga baya suka zama cikin tushen al'ummar Wusasa. Ba mahari, ba gobara, gari ya zama kufai.

Sai mutum ya san yadda ciwon ke kama jiki kafin ya gane abin da ya sa aka danganta shi da iskoki. Farko zazzaɓi ne da ciwon kai, sai kaluluwa ta fito a bayan wuya. Ana iya yin watanni a haka, har fiye da shekara. In ƙwayar cutar ta kai ƙwaƙwalwa sai hali ya canza: mai kunya ya koma mai faɗa, magana ta rikice, da dare ba barci, da rana kuwa ga loma a hannu barci ya kwashe shi. Ya rame, ya tafi. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya shiga kurmi lafiya, bayan wani lokaci ya zama wani mutum daban, in ya ce an taɓa shi a can, ai bai yi kuskuren wuri ba. Mai taɓawar ne bai gane ba.

A Anchau, wadda a da take cikin ƙaramar hukumar Ikara kafin a yanke Kubau, aka yi babbar karawa tsakanin wannan imani da likitocin Turawa. Binciken da aka yi a tsakiyar shekarun 1930 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na yankin yana ɗauke da cutar. A 1937 aka fara aikin da ya shahara da sunan Shirin Anchau, wanda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya ja ragamarsa. Dabarar ba ta da wuyar faɗi: tsandon bakin rafi ba ya jure zafi da bushewa, in ka sare inuwar ka kashe shi. Aka ware wani zirin ƙasa mai faɗin kusan murabba'in mil 700, aka bi rafukansa ana sara, aka tayar da mutum kusan 5,000 daga ƙananan unguwanni aka tara su a sababbin ƙauyuka masu rijiyoyin siminti. Kusa da tsohon garin Anchau, wanda ya cushe cikin ganuwarsa, aka gina sabo aka sa masa suna Takalafiya.

Inda aikin ya cije shi ne wasu kurmin da mutanen gari suka ce ko za a yanka su ba za su sa musu gatari ba, don gidan iskoki ne. Nan tsoron ya juya ya ci masu shi. Da ya tsaya ga hana shiga, da ya yi rana. Amma mata ba su da wani wurin ɗiban ruwa, dole su je gefensa, kuma hana sara shi ya bar wa tsando mafakar da ta fi kowace kyau. Daga ƙarshe sai da aka ɗauko leburori baƙi, waɗanda ba ruwansu da iskokin Anchau, suka sare. Ba abin da ya same su. Tsando ya ɓace daga zirin, ciwon ya ja baya ƙwarai, har shanu suka iya zama a inda sammore ya hana su a da.

Sara ɗaya ba ya isa, domin kurmi yana tohowa. Saboda haka aka mai da shi aikin kowace shekara: umarni ya fito daga fadar Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, ya bi ta hakimi da dagaci da mai unguwa, kowane magidanci ya fito da adda da gatari. Wajen shekara ashirin da fara aikin, wani Ba'amurke masanin al'adu, Horace Miner na Jami'ar Michigan, ya zauna a Anchau yana bin mutane da tambaya, ya buga abin da ya samu a 1960. Ya tarar ana saran rafi kamar yadda aka tsara, ciwon kuma ya yi sauƙi, amma da wuya ya sami wanda ya yarda cewa cizon ƙuda ne ke kawo ciwon barci. Da ya tambayi abin da ya sa suke saran, mafi yawansu suka ce umarnin sarki ne, kuma suka nuna masa cewa ranar da aka daina tilasta musu za su ajiye gatarin.