Kwara: Kogin da ya Juya wa Teku Baya

Duk wanda ya buɗe taswirar Afirka ta Yamma ya bi Kwara da yatsa, zai ga wani abin mamaki. Kogin ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, wurin da bai wuce kilomita 240 daga teku ba, amma maimakon ya gangara can ya huta, sai ya juya wa tekun baya ya nufi hamada. Sai da ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,200, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi iyakar Benin, ya shigo Nijeriya, sa'annan ya faɗa teku. A duk Afirka, Nilu da Kwango ne kaɗai suka fi shi tsawo. Mandingo na kiransa Joliba, Zabarmawa su ce Isa Beri, mu kuwa Kwara muka sani.

Asalin kowane kogi ruwan sama ne da gangare. Ruwa ya zuba a tudu, wani ya nutse a ƙasa ya ɓullo a idon ruwa, wani ya kwarara ya zama ƙorama, ƙoramu su haɗu su zama rafi, rafuka su zama kogi. Da ma an ce kogi bai ƙi yayyafi ba. Masana ƙasa na ganin wannan lanƙwasa ta Kwara ta samu ne saboda a zamanin da koguna biyu ne. Na farko yana tasowa daga Gini ya ƙare a wani babban tafki a wajejen Tambutu, na biyu kuma yana fitowa daga duwatsun hamada ya yi kudu. Da tafiya ta yi tafiya, ruwa ya ci ƙasar da ke tsakaninsu, suka zama ɗaya.

Abin da ya fi shafar mutanenmu shi ne yadda ruwan yake zuwa. A tsakiyar Mali, tsakanin Segu da Tambutu, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, don haka da ruwan daminar Gini ya iso sai ya bazu cikin fadamu da tafkuna, ya yi watanni yana jan ƙafa. Rana ta sha nata, laka ta kwanta, abin da ya saura ya ci gaba da tafiya. Shi ya sa a ƙasar Yawuri kogin kan cika sau biyu. Cikar farko ta daminarmu ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwa gurɓatacce mai laka, wanda ake kira farin ruwa. Ta biyu kuwa tana zuwa ne da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama, ruwa garau wanda ake kira baƙin ruwa. Wato ruwan da aka yi a Gini da damina shi ne yake isowa bayan an gama girbi a nan. Kan wannan tsari Gungawa, mazauna tsibiran Yawuri, suka gina noman albasarsu na rani, haka su ma Sarkawa suka san lokacin da kifi ke hawa da lokacin da yake sauka. A da kuwa, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro dole su yi lissafin kogin kafin su ɗaura wa jakuna kaya, domin a mashigai irin na Illo da Yawuri ake fito.

Turawa sun daɗe suna gardama kan inda Kwara ya nufa. Mungo Park ya gan shi a Segu a 1796, ya tabbatar gabas yake gudu. Ya sake dawowa, ya biyo shi cikin jirgi, ya wuce Yawuri, ya halaka a duwatsun Busa a 1806. A 1824 Clapperton ya zo Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da wannan tambaya, aka zana masa taswira wadda aka buga a Landan a 1826, amma bai sami iznin zuwa Yawuri ba. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin daga Busa, suka wuce mahaɗarsa da Binuwai, har suka fita teku. Littattafan makaranta sun daɗe suna cewa waɗannan su suka gano Kwara. Mu dai a ganinmu abin da suka gano shi ne amsar tambayarsu, domin masu kwalekwalen da suka tuƙa su ba su taɓa ɓatar da kogin ba balle a gano musu shi.

Babban sauyi ya zo ne da madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968 don samar da lantarki. Tafkin da ya taru ya haɗiye tsohon garin Busa, da duwatsun da suka ci Mungo Park, da tsibirai masu yawa na Gungawa, da wani sashe na Yelwa. An tashi mutane fiye da 40,000, aka gina musu Sabuwar Busa da sababbin ƙauyuka. An ba su gidaje, gaskiya ne, amma wanda ya saba noma lakar da kogi ke sabunta masa kowace shekara, in ka kai shi tudu ka ba shi ɗakin siminti, ba ka biya shi ba. Ga kuma kaburburan kakanni da ruwa ya rufe. A nan ne muke ganin 'yan'uwa marubuta suna da bashi a kansu. Muna ta rubuta soyayyar birni, alhali waɗanda suka ga tashin Busa da idonsu suna yara, yau tsofaffi ne, kuma kullum raguwa suke yi.

Kogin ma kansa ba shi da tabbas. A watan Yuni na 1985, bayan shekarun fari a jere, Kwara ya tsaya cak a Yamai, mutane suka riƙa tsallake shi da ƙafa. A 2020 kuma, a wannan birni dai, ya cika ya fasa shingen da aka yi masa, ya shiga unguwanni ya rushe gidaje.