Sabon-Shiga a Ayarin Gwanja

Kwanakin baya ina zaune a bakin tasha a Dayi, daidai inda hanyar Gwarzo ta haɗu da wadda ta taso daga Funtuwa ta ratsa Malumfashi, sai wani ɗan makaranta ya miƙo mini wayarsa yana ƙyalƙyala dariya. Wani Bature ne a ciki, ya ɗaura igiya a ƙugu yana jan tsohuwar tayar mota a kan rairayi. Ashe shiri yake yi. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba, su haɗa shi da jagora, a sauke su da jirgin sama a Antatika, su taka kilomita 111 na ƙarshe zuwa ƙuryar duniya ta kudu cikin mako guda ko kwana goma, kowa na jan kayansa a baya, cikin sanyin da kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Jan tayar nan na watanni shi ne horon da ake ba sabon-shiga kafin a yarda a tafi da shi.

Yaron ya ce wannan rashin aikin yi ne. Ban musa masa ba. Amma na tambaye shi ko ya san cewa a wannan ƙasa tamu ta kudancin Katsina an yi zamanin da saurayi kamarsa kan shafe damina guda yana irin wannan shiri, don tafiyar da ta ninka ta Baturen sau goma, sai ya yi shiru. Bai taɓa ji ba.

Tafiyar Gwanja nake nufi. Gwanja ƙasa ce a arewacin Gana ta yau, babbar kasuwarta kuwa Salaga. Goro ba ya fita a can. Daga kurmin Asante ake kawo shi, amma sarakunan Asante ba su yarda fataken arewa su shiga kurmin ba, saboda haka a Salaga ake haɗuwa. Hanyar tsohuwa ce ainun. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna tun zamanin Abdullahi Burja, wajen 1438 zuwa 1452, aka buɗe ta, a zamanin Yakubu da ya biyo baya kuma fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Sai dai bunƙasarta ta sosai a ƙarni na 19 ne, bayan jihadi, a hannun Kambarin Barebari na wajen Gummi, da Tokarawa, da Agalawa, waɗanda asalinsu daga wajen Azbin ne suka zauna a garuruwan kudancin Katsina da ƙasar Kano. Daga Kano zuwa Salaga, ko a miƙe aka auna, ya haura kilomita 1,000, ayari kuwa ba ya tafiya a miƙe. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara cur.

To, yaya wanda bai taɓa fita ba yake shiga irin wannan tafiya?

Abu na farko, ba ya shiga da ƙafarsa shi kaɗai. Sai a ƙarƙashin wani: uba, ko kawu, ko ubangidan da zai tsaya masa gaban madugu. A matsayin yaro yake farawa, mai kora jakai, mai ɗebo ruwa da yankan ciyawa. Abin da ya kamata ya iya kafin ranar tashi kuwa, a gida yake koyonsa, a 'yan tafiye-tafiyen cin kasuwar ƙauye: yadda ake shimfiɗa akumari don kada bayan jaki ya yi miki, yadda ake daidaita kaya hagu da dama, yadda ake ɗaurin da ba ya kwancewa a hawa ko gangara. Mai karatu na iya ganin wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Jakin da bayansa ya ɓaci a mako na biyu ya tashi daga aiki, kayansa kuwa ko dai su koma kan mai shi, ko a karyar da su a zango da asara. Shi kansa yaron sai ƙafarsa ta saba, domin ayari ba ya tsayawa jiran mai bororo.

Lokaci ma ba na wasa ba ne. Sai an kawar da amfanin gona, koguna sun janye, hanya ta bushe, sannan ake tashi. Kafin nan an tara haja: kanwa, jar fata, riguna da turkuɗi, gabu, duwatsun ado. Ba kuma zan ɓoye ba, har da bayi, domin Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma da yawa daga masu ɗaukar kayan ayarin ba da son ransu suka fito ba. Mata a gida suna daka garin gero, suna shanya kuɓewa da kuka, suna haɗa daddawa da barkono. A gyara salka, a ɗinke taiki, a wasa takobi, a cika kwari da kibau. Sannan a je wajen malam ya duba ranar tashi, ya yi rubutu da laya. Ƙarshen shiri shi ne neman gafarar iyaye da biyan bashi, don wanda ya tafi Gwanja ba a cika sa masa rana ba.

Nan ne wurin da ya fi dacewa mu daɗe a kai, wato shugabancin ayari, domin a kansa ran sabon-shiga ya rataya. Madugu uban tafiya, haka ake masa kirari, kuma da gaske ne. Daga ranar da aka bar gida har ranar da aka dawo, maganarsa ita ce doka. Shi ke zaɓen hanya bisa labarin da ya tattara daga ayarin da suka dawo: ina ake yaƙi, wane sarki ya mutu, wane ne ya ƙara kuɗin wucewa. Shi ke zama da sarakuna da masu fito a yi ciniki, a biya a dunƙule, sannan a raba wa kowa gwargwadon kayansa. Shi ke raba gardama, shi ke tsare dukiyar wanda ya rasu a hanya har a kai wa magada. A gabansa akwai jagaba, mai wucewa gaba ya duba hanya da wurin sauka, ya lura da sawun 'yan kwanta. Akwai uban dawaki mai taimaka masa wajen tara kuɗi da isar da saƙo, akwai malamin ayari mai rubutu da lissafi da jan salla. Mutum bai zama madugu da yawan dukiya kawai ba. Sai wanda ya tattaka hanyar sau da yawa, ya san rijiyoyinta, ya ji harsunan mutanenta, kuma aka shaida yana da sa'a.

Girman ayarin shi ne garkuwarsa. A 1826 Bature Clapperton ya tarar da wani ayarin Hausawa a Kayama, ƙasar Bargu, yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun kai 1,000, dabbobi ma kamar haka. Da asuba ake ɗaura kaya, a yi ta tafiya a jere har rana ta take, sannan a sauka zango, a yi bukkoki, a saki dabbobi kiwo. Wanda ya ware ko ya tsaya a baya, shi ne rabon mahara. Ga Kwara da za a ƙetare a Yawuri ko Ilo ko Busa, ga Bargu da fatake ke tsoro saboda fashi, ga Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi kafin a ga Salaga. Tsando na kashe jakai a kudu, ruwan rijiyoyin Salaga kuwa ya yi suna wajen kurkunu.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Goro abu ne mai rai, ba ya son zafi, ba ya son iska. Sai an naɗe shi da ganyen fita, ana yayyafa ruwa, bayan 'yan kwanaki a kwance huhu a zazzage, a tsince mai sankara kafin ya lalata sauran, a sake ɗaurewa. Wannan aiki na yara ne, kuma a nan ake gane wanda zai zama falke da wanda zai koma gona.

Da na koma karanta labarin waɗanda suka fara isa ƙuryar kudu, sai na ga kamar da wani madugu a cikinsu. Roald Amundsen, mutumin Norwe, ya yi hunturu biyu tsakanin 1903 da 1905 a arewacin Kanada tare da mutanen Inuwit, ya koyi sa tufafin fata irin nasu da tafiya da karnuka. Da ya zo Antatika ya jibge abinci a zanguna tun kafin tafiya, ya kafa tutoci a jere don kada a ɓace su. Ya tashi da karnuka 52, ya isa ranar 14 ga Disamba 1911, shi da mutum huɗu, suka dawo lafiya. Robert Scott na Ingila ya fi dogara da ƙananan dawaki da injuna, duka suka gaza, mutane suka koma jan kaya da ƙarfinsu. Sun isa ranar 17 ga Janairu 1912, su biyar, babu wanda ya dawo. Ukun ƙarshe sun mutu a tanti, saura kimanin kilomita 18 su kai rumbun abincinsu. Jaruntaka Scott bai rasa ta ba. A ganina da an kai maganar gaban tsohon madugu, tambayar da zai fara yi ita ce: wa ya ce masa wannan dabba ta dace da wannan hanya?

Abin mamaki, a shekarar 1911 ɗin nan ce hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano. Dama Gwanja ta riga ta fara rauni. Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante kan Salaga ya karye, ciniki ya watsu zuwa Kintampo da Kete-Karachi. Yaƙin basasar 1892 kuma ya tarwatsa Salaga kanta, har malamai irin su Alhaji Umaru, Bakano, suka koma Karachi, inda ya rasu a 1934. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, ɗan madugu ne, kuma yana matashi ya bi hanyar Gwanja. Amma shi ɗin dai yana cikin na farko da suka gane cewa a loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko ya fi a kora jaki wata uku. Yarbawa kuma suka shiga dasa irin goron Gwanja a wajen Agege da Shagamu. A 1929 reshen dogo da ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda, jikokin fatake suka juya ga auduga da gyaɗa.

Kafin mu rabu na saya wa yaron goro ɗaya wajen mai faranti. Na tambayi mai goron daga ina kayansa, ya ce daga kasuwar Mariri ta Kano, shekaranjiya motar ta taso daga kurmi.