Tsofaffin Hanyoyin Gulbin Kaba: Daga Ayarin Gishiri Zuwa Dokin Ƙarfe

A shekara ta 2006, a garin Emporia na jihar Kansas ta ƙasar Amurka, wasu mahaya keke suka shirya tsere na mil 200, wato kimanin kilomita 320, a kan hanyoyin karkara na tsakuwa waɗanda mota ba ta cika bi ba. Daga nan wasan ya bazu, har a 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya masa gasar farko a Italiya. A Afirka kuwa, tun 2021 ake yin irinsa a yankin Masai Mara na Kenya. Abin da mahayan ke nema shi ne hanya marar kwalta, marar hayaniya, wadda ke bin kwari tana hawan tudu. A gundumomin Tasawa da Mayahi na jahar Maraɗi, irin wannan hanya ita ce ta yau da kullum, kuma ta girmi kwalta da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya rage shi ne a san darajarta tun ba ta ɓace ba.

Ƙashin bayan wannan yanki shi ne Gulbin Kaba. Ya taso daga arewacin Najeriya, ya shigo Nijar ya nufi arewa ta ƙasar Tasawa, ya ratsa Mayahi, sa'an nan ya karkata yamma ya gangara ya koma inda ya haɗu da ruwan Rima. A yawancin tsawonsa ruwa ba ya gudu, sai dai tafkuna da damina, amma yana nan kusa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa goriba ta cika kwarin, kuma kabar da ake yanka a gindinta ita ta ba shi suna. Inda rijiya ba ta da zurfi nan ake kafa gari, nan ayari ke yada zango, nan makiyayi ke shayarwa. Hanyoyin yankin rijiyoyi suka bi, daga wannan zuwa waccan, tafiyar wuni ko rabinsa.

Shaida mafi tsufa a rubuce game da su ta zo daga Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim. A watan Janairu na 1851 ya iso Tasawa daga Damargu, bayan ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa. Ya tarar da gari mai cika, mai kasuwa da marina, ya kuma rabu da abokin tafiyarsa Overweg, wanda ya nufi Maraɗi da Gobir. Shi kuwa ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano. Dajin da ke kudu da Gazawa a lokacin abin tsoro ne, domin tun da sarakunan Katsina na Haɓe suka bar birninsu a zamanin jihadi suka kafa Maraɗi, yaƙi bai kwanta ba tsakaninsu da sababbin masu mulkin Katsina. Duk da haka gishiri da dabino sun ci gaba da gangarowa, hatsi da saƙi da turkuɗi suna hawa arewa.

Waɗannan hanyoyi na fatauci su ne kuma suka kawo masifa. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta keto ƙasar Hausa daga yamma, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta shigo ƙasar Tasawa a farkon damina, inda ta yi kisan mata da yara a Koran Kalgo. Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsayar da su, ya bi sawunsu ta ƙonannun garuruwa, aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu bayan haka sojojinsu suka juya musu: Chanoine ya mutu ranar 16, Voulet ranar 17, a Maijirgi, gabas da Tasawa, inda aka binne su. Matafiyin da ke kan babbar hanyar Damagaram yana wuce Maijirgi cikin ƙiftawar ido, sauran wuraren kuwa sai wanda ya sauka daga kwalta ke ganinsu.

Da mulkin mallaka ya zauna, Tasawa ta zama mazaunin kumandan, har zuwa 1927 da aka mayar da hedikwatar yankin Maraɗi. Hanyoyin mota na farko da aikin dole aka share su: talakawa ke sare itace, suna ɗauko jar ƙasa a ka, har dokar 1946 ta soke wannan aiki. Sa'an nan gyaɗa ta zo. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikinta ya ja ƙasashen arewa zuwa kudu, kuma ta wannan ƙofa dokin ƙarfe ya shigo ƙauyuka. Keken Raleigh na Ingila, daga baya Phoenix na Sin, ya zama abin da manomi ke saye in kaka ta yi kyau, abin da ɗan ci-rani ke komowa da shi. Ɗan koli yana cin kasuwa uku a mako a kansa, malamin lakwal yana zuwa karɓar albashi, mai kai saƙon haihuwa ko rasuwa yana zaga garuruwa biyar kafin azahar.

Kwaltar da ta haɗa Yamai da Damagaram ta bi ta Cadawa da Age da Gazawa da Tasawa, ta janye manyan motoci zuwa layi guda. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa. Daga shekarun 2000 kuma baburan Sin masu araha da man ruwa-ruwa na Najeriya suka ture keke gefe, ya koma abin hawan ɗalibai da tsofaffi. Tsofaffin hanyoyin kwarin suka yi shiru, sai amalanken shanu da jakuna da mata masu ɗauke da tabarmi zuwa kasuwa.

Bin su da keke yana bukatar sanin ƙasa, irin sanin da manomi ke da shi. A jigawa yashi yana riƙe taya, dole a sauka a tura. A geza da gefen fadama ƙasa tana da tauri, keke yana tafiya salin-alin a inuwar gawo da goriba. Tsidau da ƙayar aduwa ba su barin taya lafiya, don haka faci da famfo ba su rabuwa da mahayi. Lokaci mafi daɗi shi ne bayan girbi zuwa tsakiyar ɗari, kafin zafin bazara. A wannan tafiya ta sannu ne ido ke kama kufai, da tsohuwar marina da ta cike, da rijiyar da ta ci sunan wanda ya gina ta.

Amma hanyoyin suna ƙanƙancewa. Jama'a ta ƙaru, saura ta ƙare, kowace damina gona tana cin taki ɗaya ko biyu daga gefen turba da burtali. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, aka kuma kafa duwatsun shaida a burtulla da dama. Sai dai turbar da ke tsakanin ƙauye da ƙauye ba ta da mai tsaronta in ba masu binta ba. Goriba ma tana shan yanka tun tana kaba, ba a barinta ta miƙe. Dattawan da suka san inda ayari ke kwana, da waɗanda suka ji labarin 1899 daga bakin kakanninsu, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, farashinsa ya tashi har a wannan gefen iyaka, aka tuna cewa keke ba ya shan komai sai gumin mai shi. Malaman tarihi da ƙungiyoyin al'adu na Tasawa da Mayahi ba su bukatar jiran baƙi daga ƙetare. Aji guda da kekuna goma sun isa a bi turba daga gari zuwa gari ranar hutu, a gaida mai gari, a zauna da dattawa, a rubuta sunayen rijiyoyi da kufai da zanguna da Hausa yadda ake faɗinsu, a ajiye kofi a lakwal, a miƙa wani ga kwamitin filaye. Turbar da aka rubuta sunanta, ake kuma binta duk shekara, tana da wuyar shiga gonar wani.