Daga Abebe Bikila zuwa takalmi mai yatsu: tarihin gudu ba takalmi

1/ Masu zuwa motsa jiki, kun fara ganin takalman nan marasa tudu, wasu har da gidan yatsu biyar kamar safar hannu? Ana tallansu da cewa sa su tamkar tafiya ba takalmi ne, wai haka ƙafa ta fi lafiya. Kafin ka zuba kuɗinka, zo ka ji asalin maganar. Zare ne mai ɗan tsawo 🧵

2/ Mu fara daga birnin Rum na Italiya, 10 ga Satumba 1960. Gasar Olamfik, gudun famfalaki mai kilomita 42. Cikin 'yan tsere akwai wani siririn soja ɗan Habasha, Abebe Bikila, daga rundunar masu gadin Sarki Haile Selassie. Kusan ba wanda ya san shi. Ƙafarsa kuma ba takalmi.

3/ Dalili? Takalmin da ya samu a Rum bai zauna masa ba, har ya yi masa bororo. Shi kuwa ɗan makiyayi ne, a tsaunukan Shewa ya tashi, tafin ƙafarsa ya daɗe da yin kanta. Sai kawai ya ajiye takalmin ya shiga fili.

4/ Da yamma aka fara, aka ƙare cikin dare, sojoji na haska hanya da sandunan wuta. Bikila ya zo na ɗaya a awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, lokacin da ba a taɓa yi ba a duniya. Shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zinare a Olamfik.

5/ Ga abin da ya ƙara wa nasarar armashi. A 1935 Italiya ta kai wa Habasha mamaya, a 1937 ta kwashe dogon sassaƙaƙƙen dutsen tarihi na Aksum ta kafa a Rum. Ta gaban dutsen nan hanyar tseren ta bi. Daga wajen ne Bikila ya ƙara mai ya bar Rhadi ɗan Maroko a baya.

6/ To ga ɓangaren da masu talla ba su cika faɗa ba. A 1964, a Tokyo, Bikila ya sake cin zinare ƙasa da mako shida bayan an yi masa tiyatar afendis. Wannan karon da takalminsa. Lokacinsa: awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Ya fi na Rum da minti uku. Ku riƙe wannan.

7/ Har zuwa lokacin, takalman gudu duk sirara ne, ba wani soso a ƙasa. A shekarun 1970 gudun motsa jiki ya zama yayi a Amurka, ma'aikatan ofis suka fito titi. Kamfanoni irin su Nike suka riƙa ƙara soso, suna ɗaga diddige, don ƙafar da ba ta saba ba ta samu sauƙi.

8/ Amma gwiwa da agara ba su daina yi wa masu gudu ciwo ba. Sai wasu suka fara tambaya: anya ba takalmin ne ke lalata ƙafar ba? Ƙafa tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33. Hujjarsu ita ce in ka naɗe ta a soso kullum, tsokokinta za su yi lalaci.

9/ Nan aka waiwayi Raramuri, wata al'umma da ke zaune a kwazazzaban jihar Chihuahua a Meziko. Suna gudun nesa cikin duwatsu da takalmin da suke yankawa daga tsohuwar taya, su ɗaure da tsirkiyar fata. Kusan irin takalmin tayar nan da muka sani a kasuwannin ƙauye.

10/ A 1993 ɗayansu, Victoriano Churro, mai shekara fiye da 50, ya cinye tseren Leadville na kilomita 160 a tsaunukan Kolorado da irin wannan takalmi. A 2017 ma Lorena Ramírez ta ci tseren kilomita 50 a Puebla, da siket ɗinta da takalmin roba.

11/ Kamfanoni sun ga kasuwa. Nike ta fito da Free a 2004. Vibram, kamfanin Italiya mai yin ƙasan takalman hawan dutse, ya fito da FiveFingers, mai yatsun nan. Da farko ma masu harkar kwale-kwale aka nufa da shi, don kada santsi ya kwashe su.

12/ Sai 2009, ɗan jarida Christopher McDougall ya fitar da littafin Born to Run a kan Raramuri. Littafin ya yi kasuwa ba kaɗan ba. A Janairun 2010 kuma Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar Nature.

13/ Sun auna masu gudu a Kenya da Amurka. Waɗanda suka tashi ba takalmi sun fi sauka a kan gaban tafin ƙafa, jijjigar da ke dukan jiki ta ragu. Masu takalmi mai tudu sun fi sauka da diddige. Lura: binciken bai ce an fi samun ƙarancin rauni ba. Masu talla ne suka ƙarasa zancen.

14/ Jama'a suka yi ca. Mutumin da ya shekara talatin cikin sau-ciki ya sayi takalmi mai yatsu yau, gobe ya yi kilomita goma a kan kwalta. Likitocin ƙafa suka fara ganin ciwon agara, ciwon sha-raɓa da tsagewar ƙananan ƙasusuwan ƙafa.

15/ A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young suka bi masu gudu 36 na mako goma. Cikin 19 da suka koma FiveFingers, 10 hoton MRI ya nuna kumburi a cikin ƙashin ƙafarsu. Cikin waɗanda suka ci gaba da takalminsu na da, mutum ɗaya ne kacal.

16/ A shekarar dai, wani bincike a kan mutanen Daasanach na arewacin Kenya, su ma ba takalmi suke tashi ba, ya gano yawancinsu da diddige suke sauka in suna gudu a hankali. Ashe ko marasa takalmin ma ba salo ɗaya gare su ba.

17/ Magana ta kai kotu a Amurka. An zargi Vibram da alƙawarin lafiyar da ba ta da hujja a kai. A 2014 ta yarda ta biya dala miliyan 3.75 a rufe shari'ar, ba tare da ta amsa laifi ba, ta kuma janye waɗancan alƙawura daga talla.

18/ Wani abin takaici: kamfanin ya raɗa wa wani samfurinsa suna Bikila. Shi ya rasu tun 1973, bayan haɗarin motar 1969 da ya hana shi tafiya. Iyalansa sun kai ƙara a 2015 cewa ba a nemi izininsu ba. A 2016 kotu ta kori ƙarar.

19/ Daga nan yayi ya juya baya gaba ɗaya. Hoka, da aka kafa a Faransa a 2009, ta zo da soso kamar katifa. Nike ta saka farantin kabon a ciki. Da irinsa Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42 a ƙasa da awa 2 a Viyana a 2019. A 2020 hukumar wasannin tsere ta duniya ta ƙayyade kaurin ƙasan takalmi: milimita 40.

20/ A 2023, a Balin, Tigist Assefa, 'yar Habasha, ta yi awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53 cikin takalmin Adidas na dala 500. Ta wuce lokacin Bikila na Tokyo. Ƙasar da ake kafa hujjar gudu ba takalmi da ita, 'yan tserenta yau masu tudu suke sawa.

21/ To takalmin banza ne ke nan? A'a. Jami'ar Brigham Young ɗin nan ta sake bincike, ta ga yin tafiya kawai cikinsa na wasu makonni yana ƙara wa tsokar ƙafa ƙarfi. Faɗin gabansa kuma na barin yatsu su baje. Matsalar gaggawa ce.

22/ Bikila da Raramuri shekaru suka ɗauka suna gina ƙafarsu tun suna yara. Kamfani zai iya sayar maka da siririn takalmi, amma waɗannan shekarun ba a sayar da su a shago. Ko kai da ka buga ƙwallo ba takalmi a layinku, in ka shekara goma cikin kambas, ƙafarka ta canza.

23/ In za ka gwada: fara da tafiya, makonni kafin gudu. Gudun farko 'yan mintuna, a kan yashi ko ciyawa, ba kullum ba. Gajarta taku. In ka ji zafi a waje ɗaya a saman ƙafa, tsaya ka ga likita. Mai ciwon suga kuwa kada ya fara sai da shawarar likita. Sannu ba ta hana zuwa.

24/ Nan zan tsaya. Wanda ya taɓa gwada takalmi mai yatsu ko na taya a wajen gudu, ya ba mu labari a ƙasa: wata nawa ka ɗauka kafin ƙafarka ta saba? Ku tura wa abokin nan naku da ke shirin saya.