Daga Makerere Zuwa Kamiti: Ngugi da Matsayin Fassara

Idan muka waiwayi tarihin adabin Afirka na zamani, za mu tarar muhawarar harshe ta kankama ne a shekarar 1962, lokacin da aka yi taron marubuta a Makerere ta ƙasar Uganda. Taron na masu rubutu da Ingilishi ne, don haka babu gurbin irin su Shaaban Robert na Swahili, ko Fagunwa na Yarabanci, ko namu Abubakar Imam, wanda Magana Jari Ce tasa ta riga ta haura shekara 20 a hannun makaranta.

Cikin mahalartan akwai wani ɗalibi ɗan Kenya, Ngugi wa Thiong'o, wanda ya fitar da Weep Not, Child a 1964. Ya ci gaba da rubutu da Ingilishi har zuwa 1977, sa'ad da shi da Ngugi wa Mirii suka shirya wasan kwaikwayo da harshen Kikuyu a ƙauyen Kamiriithu, manoma da 'yan ƙwadago suka zama 'yan wasa. Hukumar da ta jure wa sukarsa da Ingilishi ta kasa jure mata da harshen talaka. A watan Disamba aka tsare shi a kurkukun Kamiti ba tare da shari'a ba, ya kwashe kusan shekara guda.

A nan ne ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko da Kikuyu a kan takardar bayan gida. An buga shi a 1980, shi kuma da kansa ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1982 da sunan Devil on the Cross. Ke nan bai rufe wa duniya ƙofa ba. Tsari ya sauya: mutanen gida su fara ji, sannan tafinta ya isar wa baƙi. A 2016 ƙungiyar Jalada ta fitar da wani gajeren labarinsa cikin harsunan Afirka kimanin 30, har da Hausa.

Ngugi ya rasu a 2025. Mu da muka gaji rubutu da harshenmu tun zamanin ajami ba mu da matsalar komawa gida. Inda muka yi rauni shi ne fassara, ta shiga da ta fita. Mafassaran nan kuwa, in ba a azuzuwanmu ba, a ina za a horar da su?